Katin mil na jirgi: wane zan riƙe, wane zan watsar?

Ɗan_Ader74:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni mutumin Tawa ne amma shagona na Babbar Kasuwar Yamai, kayan sola da batura nike saidawa. A shekara ina zuwa Gwanju ta ƙasar Sin sau ukku, wani lokaci in ƙara da Santambul sau guda in uwargida ta matsa a sawo mata kayan shagonta. Shekara shidda ke nan ina wagga tahiya. Jiya yarona ya buɗe mini waya munka duba, ashe kati ukku gare ni na tara mil, wato makin da kamfanin jirgi ke ba mutum gwargwadon nisan tahiyar da ya yi: ShebaMiles na Ethiopian, Miles&Smiles na Turkish, da Safar Flyer na Royal Air Maroc wanda ko ranar da anka yi mini shi ban tuna ba. Kowane da ɗan abin da ke ciki, amma babu wanda ya isa ya kai ni ko Lome. Abokin tahiyata shi falon manyan baƙi na filin jirgi yake shiga a Adis Ababa ya ci ya sha ya yi wanka, a ba shi jaka ta ukku kyauta, ni ina bisa benci da gorar ruwa. To mi na yi ba daidai ba? Wane zan riƙe cikin ukkun?

Bagobirin_Wadata:
Wa alaikumus salam. Alhaji, laifinka ɗaya: ka auri mata uku alhali cefanen ɗaya kake iyawa. Saki biyu ka huta.

Hajiya_Mai_Leshi:
Bagobiri ka fara ko? Ba a yi maganar kirki da kai a wuri. Amma Alhaji, cikin shaƙiyancin nasa akwai gaskiya. Ni tun da na tsaya kan kati ɗaya na fara ganin amfanin abin. Miles&Smiles nake riƙe da shi don Santambul ce hanyata.

Malam_Lissafi:
Alhaji, kafin a ce maka riƙe wannan saki wancan, akwai abin da ya kamata ka sani. Manyan kamfanonin jirage sun kasu ƙawance uku. Akwai Star Alliance da aka kafa a 1997, wadda Turkish ta shiga a 2008, Ethiopian kuma a ƙarshen 2011. Akwai oneworld ta 1999, can Royal Air Maroc ta shiga a watan Afrilu na 2020, ta tarar da su Qatar Airways da British Airways. Sai SkyTeam ta 2000, gidan Air France da KLM da Kenya Airways da Saudia. Ka ga ke nan katinka biyu, na Habasha da na Turkiyya, 'yan ɗaki ɗaya ne. Kana iya hawa Ethiopian ka ba da lambar Miles&Smiles, ko ka hau Turkish ka ba da lambar ShebaMiles. Shekara shida kana raba hatsin gona ɗaya a rumbu biyu, shi ya sa ba wanda ya cika.

Bari mu auna tafiyar taka. Yamai zuwa Adis Ababa wajen mil 2,500 ne, Adis zuwa Gwanju wajen 5,000. Zuwa da dawowa 15,000 ke nan. Sau uku, 45,000. Matakin Elite na Turkish mil 40,000 ake nema cikin wata 12, matakin Gold na ShebaMiles kuwa 50,000. Dukansu biyu su ne ake kira Star Gold, wato wanda abokinka ke shiga falo da shi. In ka tara duka a na Turkish ka riga ka wuce. In a na Habasha ne, sai ka haɗa da tafiyar Santambul ɗin nan ta uwargida, wadda ita ma wajen 5,000 ce zuwa da dawowa, ka ga ka taɓa bakin ƙofa.

Issa_Talladje:
Malam ina ka samo 2,500? Ni a allon jirgi na gani da idona, Yamai zuwa Adis ya kai 4,000.

Malam_Lissafi:
Kilomita ka gani, Issa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da 'yan kai. Raba 4,000 ɗinka da 1.6 ka gani.

Issa_Talladje:
To na yarda. Shi ya sa ban gama lise ba.

Mai_Yankan_Biye:
Sannunku. Ni a ajans nake aiki, shekara tara ina yankan biye. Lissafin @Malam_Lissafi daidai ne a kan allo, amma ba haka yake zuwa a kati ba. Wannan 15,000 ɗin ana ba ka shi cif ne kawai in biyenka mai cikakken kaso ne. Kowane biye yana da harafi. Ku duka kuna zaune a kujerun baya, shinkafa ɗaya kuke ci, amma wani biyensa Y ne, wani M, wani wani harafi can ƙasa. Harafin shi ke faɗin nawa ka biya, ko za ka iya sauya rana ba tara, da kuma kason mil ɗin da za a ba ka. Wani harafin ɗari bisa ɗari, wani rabi, wani rubu'i, wani ma babu ko ɗaya. Ku kuma 'yan kasuwa da kun shigo maganarku ɗaya ce: ba ni wanda ya fi rahusa. To wanda ya fi rahusa shi ne mai harafin ƙasa. In Alhaji rabi ake ba shi, 45,000 ta koma 22,500. Ko matakin Silver na ShebaMiles da ke neman 25,000 bai kai ba.

Kuma ku kula da wannan, nan ne mutane ke zubewa. In ka hau Ethiopian ka ba da lambar Turkish, ba jadawalin Ethiopian za a duba ba, jadawalin da Turkish ta yi wa haruffan Ethiopian za a duba. Harafi ɗaya yana iya ba ka rabi a nan, ya ba ka ƙasa da haka a can. Saboda haka ba a cewa wannan kati ya fi wancan sai an ga harafin da mutum ya saba saye.

Ɗan_Ader74:
Ikon Allah. Wanga harahi ina ake ganin shi? Ni ban taɓa duba komi ba sai rana da awa.

Mai_Yankan_Biye:
Alhaji duba takardar biyen da aka buga maka ko aka turo ta waya, kusa da lambar jirgi akwai wurin da aka sa aji, harafi ɗaya ne tak. Nemo tsofaffin biyenka na bara duka ka rubuto mana haruffan.

Hajiya_Mai_Leshi:
Ni fa duk wannan maganar tikitin kyauta ba ta dame ni ba, bari in gaya muku gaskiya. Ɗan kasuwa kilo yake nema. Yawanci jaka biyu ake ba mu, kowace kilo 23. Da na samu Elite sai aka ƙara mini ta uku. Wadda ta san kuɗin da ake caja a kan jakar ƙari ta san abin da nake faɗa. Akwai kayan da ba na sa wa a kargo, leshi masu tsada da sarƙoƙi da kayan amare da aka ba ni sautu, waɗannan a jikina nake so su taho. Jaka ɗaya kyauta sau huɗu ko biyar a shekara, wannan ya fi mini tikitin da zan shekara biyu ina tara wa mil. Sannan layin awon kaya daban, ba na tsayuwar awa guda da ciwon gwiwa. Falon kuma, ku bar shi kawai. Wanda ya kwana kan kujerar ƙarfe a filin jirgi yana jiran jirgin asuba shi ya san darajar wurin da zai miƙe ƙafa ya yi sallarsa a natse.

Abin da ya ƙara zaunar da ni a Turkish, in ka samu Elite shekara biyu yake yi a hannunka, kuma sabunta shi bai kai wahalar samunsa na farko ba.

Nana_Fati_Yantala:
Hajiya Silver fa? Ni shi gare ni.

Malam_Lissafi:
Nana, Star Silver a jiragen sauran ƙawaye kusan suna ne kawai, fifiko a jerin masu jiran kujera ne babban abin da ke ciki. Kamfanin da ya ba ki katin yana iya yi miki wani alheri a jiragensa, amma falo da ƙarin kaya a ko'ina cikin ƙawancen sai Gold.

Kuma tun da an zo nan, mil iri biyu ne, kada a haɗa su. Akwai na kashewa, wanda ake sayen tikiti da shi. Akwai na mataki, wanda ake auna ka da shi a ga ko ka isa Silver ko Gold. Na matakin ba a kashe shi, kuma in wa'adin ya zagayo lissafi sabo ake farawa. Mutum yana iya tara na kashewa 60,000 cikin shekara biyar amma bai taɓa barin matakin ƙasa ba, don bai taɓa haɗa abin da ake nema cikin wata 12 ba. Ina jin abin da ya sami Alhaji ke nan.

Zara_Plato:
Ni darasin da na koya daban ne. Da can aikina Paris da Jeneba yake kai ni, duk mil ɗina a Flying Blue, katin Air France da KLM, na tara, har na kai Gold, wato maki 180 na auna mataki da suke kira XP. Sai ga juyin mulkin ranar 26 ga Yuli 2023, cikin watan Agusta Air France ta dakatar da zuwa Yamai. Na wayi gari da rumbu cike amma ba ƙofar shiga daga garinmu. Kuma ƙa'idarsu, in ka koma matakin ƙasa kuma ka yi wata 24 ba ka yi abin da zai motsa asusun ba, mil ɗin sun tafi. Abin da ya cece ni umra ce: na hau Saudia daga Jidda zuwa Madina na ba da lambata, tun da SkyTeam ɗaya suke, wa'adin ya sabunta. Daga baya na yanka wa ƙanena tikiti da su daga Abijan. Saboda haka ni shawarata, Alhaji, kada ka dubi wane kati ya fi daɗin alkawari. Dubi jiragen da ke sauka a filin jirgin Diori Hamani na Yamai, ka zaɓi ƙawancen da yake da fiye da kamfani ɗaya a nan. In ɗaya ya tsaya, ɗayan yana nan. Kuma kada ka ajiye mil kamar filin gado. Ya taru, kashe shi.

Baba_Mai_Ritaya:
'Yata Zara kin tuna mini da Air Afrique. Yaran yanzu ba su san shi ba. A 1961 aka kafa shi, Nijar na cikin ƙasashen da suka haɗu suka yi shi, mu da muka yi aikin gwamnati shi muka sani. Wa ya taɓa zaton zai faɗi? A 2002 ya rufe. Duk wanda yake ganin kamfanin jirgi dutse ne, bai ga abin da muka gani ba. Ni yanzu tafiyata ɗaya ce a shekara, wajen jikokina, ba ni da kati ba ni neman sa.

Zara_Plato:
Allah ya ƙara lafiya Baba.

Sani_Katako:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku biki. Wannan abu tarko ne, kamfanoni ba don Allah suka yi shi ba. An ƙirƙiro shi ne don ka daina duba farashi. Mai_Yankan_Biye ya faɗa da bakinsa, sai ka sayi harafi mai tsada za a ba ka cikakken mil. To in bambancin harafin ƙasa da na sama ya kai jikka ɗari ko fiye a kowace tafiya, sau uku a shekara nawa ke nan? Da wannan kuɗin ka biya jakar ƙarin da kanka, ka sayi abincinka a filin jirgi, canji ya rage. Ni duk wanda ya fi rahusa ranar da zan tafi shi nake hawa. In mil ya zo ya zo, in bai zo ba Allah ya raka taki gona.

Hajiya_Mai_Leshi:
Sani, kai da kake zuwa sau ɗaya a shekara maganarka daidai ce. Alhaji sau uku zuwa huɗu yake yi, kuma doguwar hanya. Ba ma'auni ɗaya ba ne. Sannan harafin ƙasan nan da kake yabo, ranar da kayanka suka makara a masana'anta kana son ɗaga ranar dawowa, a nan za ka biya abin da ka ce ka tsira da shi.

Sani_Katako:
Wannan kuma gaskiya ne Hajiya, ya taɓa cin ni. Amma sau ɗaya cikin shekara biyar.

Mai_Yankan_Biye:
Ku biyun duk kuna da gaskiya. Abin da nake gaya wa masu zuwa wurina, a tambayi farashin harafi biyu a rana ɗaya. Wani lokaci tsakaninsu kaɗan ne, wani lokaci rami ne. In kaɗan ne hau na sama, in rami ne bar shi.

Abdu_Illela:
Tun da ɗan ajans na nan bari in amayar da abin da ke cikina. Shekara biyu wani ajans na yanka mini biye, ba ni faɗin sunansu. Kullum in na ce mil ɗina ba su shigo ba sai su ce rezo ne. Ranar da na tahi da kaina ohishin kamfanin anka duba, ashe ba a taɓa sa lambata ba ko sau guda. Tahiya bakwai ta tahi a banza. Wani ma ya ce mini su ka sa lambarsu su cinye.

Mai_Yankan_Biye:
Abdu, sakaci kam akwai shi, ba zan kare kowa ba. Amma maganar cinyewa ba ta cika yiwuwa ba, don sunan da ke kan biye dole ya dace da sunan mai kati, in ba haka ba na'ura ba ta zuba mil ɗin. Abin da ya fi faruwa shi ne mantuwa, ko kuma matsalar rubutun suna. Mu nan mutum ɗaya a fasfo Aboubacar, a kati ya rubuta Abubakar, wani wuri Boubacar. Ko ya sa sunan uba a wurin nasa. Na'ura ba ta san kai ɗaya ba ne. A buɗe kati da fasfo a hannu, harafi bi harafi. Kuma ko ajans ya manta, kana iya ba da lambar a wurin awon kaya. Ka duba takardar shiga jirgi, in lambar ta shiga za ka gan ta a jiki. In an riga an yi tafiyar, kada ka yar da guntun takardar, ana iya neman mil ɗin daga baya, sai dai kowane kamfani da wa'adinsa, wasu wata shida wasu shekara.

Abdu_Illela:
Guntayen duk yara sun yi wasa da su. Shi ke nan.

Ɗalibi_Rabat:
Kowa na ta Turkish da Ethiopian, an manta da kati na ukun. Mu ɗalibai da masu zuwa asibiti Maroko da masu wucewa Turai ko Amurka, Kazabalanka ce ƙofarmu. Yamai zuwa can wajen mil 1,500 ne kawai. Kuma tun da suna oneworld, wanda ya hau Qatar Airways yana iya zuba mil a Safar Flyer. Kawu kada ka watsar da shi, ajiye kati ba ya cin ko dala.

Malam_Lissafi:
Gaskiya ne ba a biyan kuɗin riƙe shi. Amma mai zuwa Gwanju ba zai fara yin yamma zuwa Kazabalanka ba. Ya bar shi a aljihu don ranar da hanya ta bi can, kada dai ya sa rai da shi.

Ɗan_Cirani_Abijan:
Mu da ba mu wuce Abijan da Lome da Kwatano hwa? Mutanen Ader rabinmu can muke. Ni Air Côte d'Ivoire nike hawa in na samu hali, katinsu sMiles gare ni, wani lokaci ASKY ta Lome.

Mai_Yankan_Biye:
Waɗannan biyun ba sa cikin manyan ƙawancen uku. ASKY dai Ethiopian na da hannun jari a ciki tun da ta fara tashi a 2010, amma wannan bai mai da ita 'yar Star Alliance ba. Kada mai Gold ɗin Turkish ya je Lome yana buga ƙirji a ƙofar falo. A gajerun hanyoyin nan ka riƙe katin wanda ka fi hawa kawai.

Bagobirin_Wadata:
Ni tambayata, daga Tawa zuwa Yamai kilomita ɗari biyar da hamsin a bas, ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, wa ke ba Alhaji mil ɗin wannan? Da ana lissafa shi da tuni Adarawa duk sun zama Platinum. A ba su falo a tasha, a ajiye musu buhun albasar Galmi su jingina.

Ɗan_Ader74:
Bagobiri albasar nan ita ta gina shagon da kake zuwa cin bashi.

Zara_Plato:
Ina da tambayar da ta shafi addini, ko akwai malami kusa. Tikitina wurin aiki ke biya, mil kuma a katina yake shiga. Halal ne in yanka wa iyalina tikiti da shi?

Almajirin_Konni:
Malama, ni ɗalibi ne ba mai fatawa ba. Abin da na fahimta, kamfanin jirgi wanda ya zauna a kujera yake ba mil, ba wanda ya biya ba. To sai a koma ga sharaɗin da ke tsakaninki da masu aikinki. In sun ce na ma'aikata ne a bar musu, in sun yi shiru ko sun yarda to ki tambaya a fili ki samu natsuwa. Inda na ga matsala ƙarara shi ne mutum ya zaɓi jirgi mai tsada da kuɗin ma'aikata don kawai katinsa ya cika. Wannan kam amana ce aka taɓa. Allah shi ne masani.

Sani_Katako:
To sayar da mil fa? Akwai wani da ke saye a kasuwa, yana yanka wa mutane tikiti da rahusa.

Mai_Yankan_Biye:
Ka yanka wa matarka ko ɗanka ko abokinka da mil ɗinka, wannan yawancin kamfanoni sun yarda. Sayarwa kuwa ƙa'idojinsu sun hana. In suka gano suna iya rufe asusun su soke tikitin, wanda ya saya ya tarar da kansa a filin jirgi da jakunkuna ba kujera. Kuma don Allah ku daina ba kowa lambar sirrin asusunku.

Nana_Fati_Yantala:
Ni na taɓa karɓar tikitin da ake ce wa kyauta, bari in ba ku labari kada wani ya sha mamaki irin nawa. Na tara shekara uku, na ce to bana umrar azumi da mil zan je. Na farko, kujerun da ake warewa na mil kaɗan ne, goman ƙarshe kuwa ko ɗaya ban samu ba, sai na koma watan Rajab. Na biyu, ashe mil kuɗin kujera kawai yake biya. Harajin filayen jirgi da ƙarin da kamfani ke ɗorawa, wannan da kuɗi za ka biya. Da aka buga mini jimillar sai da na ce a sake dubawa. Na samu sauƙi, ba zan yi butulci ba, amma ba kyauta ba ce yadda nake zato. Kuma sai da na nemi mai katin banki da ke aiki a intanet ya biya mini.

Issa_Talladje:
Aikin hajji fa, ana samun mil?

Mai_Yankan_Biye:
Jiragen alhazai da ake shiryawa ta hannun COHO, hukumar shirya hajji da umra ta Nijar, yawanci shata ne, jirgi ake ɗauka sukutum, irin wannan ba a cika ba da mil a kai ba. Wanda ya je umra da jirgin da ke tashi kullum a jadawali, shi ne ke samu.

Bagobirin_Wadata:
Issa ka je neman lada kana kuma neman mil. Ɗaya bai ishe ka ba?

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a mun yi nisa, daga kati mun kai Galmi mun kai Makka. Alhaji @Ɗan_Ader74, an ce ka kawo haruffa, ka samo?

Ɗan_Ader74:
Na samo na tahiya ukku cikin huɗun bara, guda ya ɓace. Na tura ma Mai_Yankan_Biye ta gehe ya duba mini. Biyu rabi anka ba ni, guda kuwa wanda na saya lokacin rangwame rubu'i ne. Kuma guda daga ciki lambar Turkish na ba da, biyu ta Habasha, don ni duk katin da hannuna ya hwara taɓawa shi nike miƙawa. Na tambayi abokin nawa, ashe shi shekara ukku ke nan lamba guda yake badawa kuma ba ya sayen na rangwame. Bai taɓa gaya mini ba, mugun.

Yanzu dai hankalina ya hi kwantawa da ShebaMiles, don cikin tahiya huɗu ukku da Ethiopian nike yin su, kuma ya nuna mini haruhwan da nike saye sun hi kawo mini a gidansu.

Hajiya_Mai_Leshi:
Alhaji ka sake tunani. 50,000 da 40,000 ba ɗaya ba ne. Ko ka sayi cikakken harafi duk shekara, a bakin ƙofa za ka tsaya, Malam ya lissafa maka. Shekarar da uwargida ba ta aike ka Santambul ba, ka faɗo.

Malam_Lissafi:
Hajiya, amma 40,000 ɗin ma sai harafin Ethiopian ɗinsa ya kawo cikakke a jadawalin Turkish. In bai kawo ba, ƙaramin ma'aunin bai amfane shi da komai ba. Ni da zan ba shi shawara, ya sa a buga masa farashin harafin da ke ba da ɗari bisa ɗari a kowane ɓangare kafin tafiyarsa ta gaba, sannan ya yanke.

Sani_Katako:
Ko kuma ya sayi mai rahusa ya riƙe kuɗinsa. Na faɗa tun ɗazu.

Ɗan_Ader74:
Tahiya ta gaba sai bayan sallah, akwai lokaci. Wata tambaya kuma: ɗan abin da ke cikin na Turkish ɗin, ana iya kwashe shi a zuba cikin na Habasha?

Mai_Yankan_Biye:
A'a Alhaji, abin da ya shiga rumbu ɗaya ba ya ƙaura zuwa wani, ko da ƙawance ɗaya ne. Kuma na Turkish shekara uku yake yi ya ƙone, duba ranar da na farkon suka shiga. Nawa ne a ciki?

Ɗan_Ader74:
Bari yaron ya dawo daga makaranta, shi ya san lambar sirrin.